Takardar Inshora Da Muke Biya Ba Mu Karantawa

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya bugi bayan motar wani bawan Allah a danja. Ba a ji rauni ba, alhamdu lillahi, amma but ɗin motar ya lotse, fitilu biyu sun fashe. Aka taru, aka yi ta ba da haƙuri, daga ƙarshe aka rankaya wurin mai gyaran jikin mota. Maƙwabcin nan sai da ya sayar da ragon da ya turke domin layya, ya kuma ci bashi, kafin ya kammala biyan kuɗin gyara. Da na je yi masa jaje na tambaye shi, "Malam, ashe ba ka da inshora?" Ya ce yana da ita mana, ai tana cikin takardun mota. Na ce to me ya hana ka kiran kamfanin? Ya dube ni da mamaki na gaskiya ya ce, "Dama biya suke yi?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Mafi yawanmu mun ɗauki takardar inshora a matsayin abin da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, a shinge don a wuce lafiya. Alhali yarjejeniya ce: ka biya kuɗi, kamfani ya ɗauki alkawarin ɗauke maka wata asara takamaimiya. Wace asara? Amsar tana rubuce a jikin takardar, kuma ita ce ba mu karantawa.

Inshorar dole ta mota, wadda dokar 1945 ta fara wajabtawa, ba motarka take karewa ba. Wanda ka yi wa ɓarna take biya: motarsa, katangarsa, rumfarsa, ko jinyarsa idan ka ji masa rauni. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ke nan gyaran da ya cinye ragon maƙwabcina yana cikin abin da ya riga ya biya wa kuɗi. Sharaɗin kawai shi ne takardar ta zama ta gaske, kuma a sanar da kamfani da wuri, da hotuna da rahoton 'yan sanda, kafin a kai mota gareji. A nan ne kuma gizo ke saƙa. Da yawa daga takardun da 'yan kamasho ke haɗa wa mutane a bakin ofishin lasisi jabu ne, babu kamfanin da ya san da su. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa a waya ya ga ko tana ciki. Aikin minti biyu ne. Tun da 'yan sanda suka fara tsananta bincike a watan Fabrairun 2025, mutane sun yi rububin sayen takarda, amma ina shakkar ko an ƙara yawan masu duba sahihancinta.

Mai son a gyara tasa motar, ko a biya shi idan an sace ta ko ta ƙone, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ita ma tana da iyaka. Idan ka rubuta cewa motar gida ce sannan ka ba wani yana kabu-kabu da ita, ko yaron da ba shi da lasisi ya ja ta, kamfani yana da hujjar ƙin biya.

Batun kasuwa ya fi damuna, domin a nan ne ake wayar gari attajiri ya koma neman na cefane. Wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar 2016, ko Kasuwar Monday ta Maiduguri bayan ta watan Fabrairun 2023, ya san abin da nake nufi. Gwamnati takan zo jaje, a kafa kwamiti, a tara gudummawa, amma abin da ke isa hannun ɗan kasuwa ba ya kai ko kusa da abin da wuta ta ci. 'Yan ƙalilan da ke da inshorar gobara su ma sukan gamu da abin da ba su zata ba. Ga misali: kayan shagonka sun kai naira miliyan 20, amma don kuɗin shekara ya yi sauƙi ka ce na miliyan 10 ne. Wuta ta ci na miliyan 8. Kai a lissafinka ai 8 ba ta kai 10 ba, za a biya ka duka. Kamfani kuwa zai ce rabin dukiyarka ka sa a inshora, don haka rabin asara zai ɗauka, wato miliyan 4. Wannan sharaɗi yana cikin kusan kowace takardar gobara. Kuma da yadda farashi ke tashi, adadin da ka rubuta shekara biyu da suka wuce ya riga ya zama ƙasa da darajar kayanka ko da ba ka ɓoye komai ba.

Sai kuma shaida. Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, shi kuma rasit da littafin shiga da fitar kaya zai nema. Ina littafin? Ya ƙone tare da shagon. Ɗaukar hoton rasit da shafukan littafi a waya duk ƙarshen mako zai raba wannan gardama. Ya kamata kuma ɗan kasuwa ya sani cewa takardar gobara ba ta biyan tsabar kuɗin da aka bari a durowa, ba ta biyan kayan da tirela ta kife da su tsakanin Legas da Kano, ba ta biyan cinikin watannin da shago ya yi a rufe. Inshorar sata tana son a ga alamar fasa ƙofa ko rufi. Idan yaron shago ne ya yi ta ɗiba a hankali, wannan wani babi ne daban. Kowanne da takardarsa da kuɗinsa.

Inshorar gida ma haka. Gini daban, kayan ɗaki daban. Inshorar mai gida ba ta shafi gado da kujeru da firjin ɗan haya ba, balle kayan auren da uwa ta shekara goma tana tara wa 'yarta. Kuma takardar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya sai an ƙara ta da suna. Bayan abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024, da abin da ruwa ya yi wa Mokwa a 2025, duk mai gida a kusa da kwari ko magudana ya kamata ya nemi kalmar ambaliya a takardarsa da idonsa.

Na san abin da ke zuciyar masu karatu da dama: malamai sun yi magana a kan riba da rashin tabbas da ke cikin inshorar zamani. Damuwa ce ta gaskiya, ba kuma zan raina ta ba. Amma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki a kai. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa, a raba rarar da ta saura, ƙarƙashin kulawar majalisar malamai. Sai dai takardar takaful ma tana da abin da ta ɗauka da abin da ta ware, kuma ita ma sai an karanta.

Laifin ba na jama'a ne kaɗai ba. Kamfanoni suna rubuta yarjejeniya da Turancin lauyoyi, da ƙananan haruffa, su miƙa wa mutumin da cinikinsa duka da Hausa yake yi. Dillalinsu yana da fara'a ranar karɓar kuɗi, ranar biya kuwa waya ba ta shiga. Ina kira ga NAICOM ta wajabta a riƙa haɗa kowace takarda da shafi ɗaya na Hausa bayyananniya, da boko da ajami, mai faɗin abin da za a biya da abin da ba za a biya ba. Shugabannin kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau kuma suna da ƙarfin da za su zauna da kamfani a madadin dubban mambobinsu, su ɗauki lauya ya karanta musu sharuɗɗa layi-layi kafin kowa ya sa hannu.

Maƙwabcina ya sabunta takardunsa makon jiya. Wannan karon a ofishin kamfanin ya biya, muka sa lambar motar a waya tare, sunansa ya fito.