Farautar Taska Zuwa Goron Dutse

Akwai wani wasa da ya kamata malaman makarantun Kano su riƙa yi da yara, shi ne farautar taska. Malami ya ɓoye takardu a kan hanya, kowace takarda da kacici-kacici a cikinta, wanda in an warware shi zai nuna inda ta gaba take. A ganina, wurin da ya fi cancanta tafiyar ta ƙare shi ne tankin ruwa na kan Goron Dutse.

Ga dalili. Kafin zuwan famfo mutanen birni rijiya da kududdufi suka dogara da su, ga kurkunu, ga ciwon ciki. A shekarar 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta buɗe aikin ruwa. Injuna suka riƙa jawo ruwa daga kogin Challawa, kudu da birni, suna tura shi bisa dutsen, daga nan ya gangaro unguwanni da nauyin kansa.

To, sai a shirya takardun bisa wannan labari. Ta fari a bakin tsohuwar rijiya, ta biyu kusa da kududdufi, ta uku gindin famfo, ta ƙarshe a kan dutse, tana tambaya: don me aka wahala aka kai ruwa bisa, ba a bar shi a ƙasa ba? A nan malami ya fito da gwangwani mai huda uku, ya cika shi, ya ɗaga. Yara za su ga hudar ƙasa ta fi feshi da ƙarfi, domin ruwan da ke kanta ya fi yawa. Taskar ke nan.

Waɗansu za su ce wannan yawo ne da ɓata lokaci, karatu a aji ake yinsa. Amma gani ya kori ji. Yaron da ya hau dutsen da ƙafarsa yana haki ya san aikin da inji ke yi, kuma ba ya mantawa. Ga shi yau unguwanni da yawa famfonsu ya ƙafe, sai 'yan garuwa. Wa zai gyara, in ba wanda ya san yadda aka yi na farko ba?

Saboda haka, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, a nemi izinin iyaye da na masu tsaron wurin, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a raba yara kashi-kashi, kowane kashi da babba. Takarda huɗu da gwangwani ɗaya sun isa.