Je Ka Ka Dawo: Talakan Jibiya Ya Biya Kuɗin Gida, Takarda Ta Gagara

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, maza da mata, kukan da ya fi yawa a ofishin jam'iyyarmu na Jibiya a wannan zamani shi ne kukan takardar gida. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi daga cinikin hatsi ko na dabbobi tsakanin Magama da Maraɗi, ya sami gida, dillali ya yi tayi, mai gida ya sallama, an biya la'ada gaban shaidu. Sa'an nan a ce masa ciniki bai tabbata ba sai da lauya da sa hannun Gwamna. Ya hau mota ya tafi Katsina, ya ba lauya kafin alƙalami. Daga ranar nan sai je ka ka dawo. Yau a ce maigida yana kotu, gobe a ce ya tafi Abuja, jibi a ce fayil yana ma'aikatar ƙasa. In ya buga waya ba a ɗauka. Damina ta wuce, rani ya shigo, takarda shiru. Mu kuwa mun ce wannan zalunci ne, kuma za mu bayyana tushensa domin kowa ya san inda aka ɗaure shi.

Tushen abin ya daɗe. A 1910 Turawan mulki suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, shi ke ba wanda ya so izinin zama a kanta. Muka sami mulkin kai a 1960, muka zaci za a kwance wannan igiya, sai gwamnatin Jihar Arewa ta sake ɗaura ta da dokar ƙasa ta 1962. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari ta shimfiɗa shi a Nijeriya baki ɗaya da sunan Dokar Amfani da Ƙasa, kana aka cusa ta cikin tsarin mulki, watau ba ta gyaruwa sai da irin wahalar da ake sha wajen gyara tsarin mulkin kansa. Sashe na 1 ya ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Sashe na 22 ya ce wanda ke riƙe da fili ko gida bisa izinin Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai Gwamna ya yarda. Sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta ƙara da cewa har wanda ke da gidansa a gari tun kafin 1978 bai kuɓuta daga neman yardar nan ba. To, jama'a, ku duba: mutum guda, mai hidimar jiha guda a kansa, shi aka ce sai ya yarda kafin ɗan tireda ya sayi ɗaki biyu da zaure. Dokar kuwa ba ta yanka masa wa'adi ba. In ya so wata guda, in ya so shekara uku.

A cikin wannan duhu ne malalacin lauya ke samun mafaka. Ya san kai ba ka san hanyar ofishin safiyo ba, ba ka san nawa ne kuɗin hatimi ba, nawa ne kuɗin rajista, nawa ne kuɗin neman yarda. Saboda haka duk ranar da ka matsa masa sai ya ce laifin ma'aikata ne. In ka yi ƙarfin hali ka tafi ma'aikata, akawu ya ce lauyanka bai kawo cikakkun takardu ba. Kowa na tura ka wurin ɗan'uwansa, kai ne da kuɗin mota. Mun sani akwai lauyoyi masu amana, waɗanda ke faɗa wa mutum gaskiya tun ranar farko. Amma ƙungiyar da ta bar ɓata-gari suna cin kasuwarsu ba ta tsawata musu ba, ita ta jawo wa kanta zargi.

Abin takaici shi ne iyayenmu na NEPU, tun daga 1950, sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e inda aka hana lauya shiga, suna kuka a bar talaka ya sami mai tsaya masa. Su Malam Aminu Kano da Gambo Sawaba sun ga wannan da idonsu. Yau ga lauya ya samu, amma talaka na zaune bisa benci a ƙofar ofishinsa kamar yadda kakansa ya zauna a ƙofar fada, yana jiran a ce ya shigo.

Wani zai ce ai jinkiri ne kawai, mahaƙurci mawadaci. Mai faɗin haka bai san Jibiya ba. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci rayuka da dama ta rushe ɗaruruwan gidaje a garin nan. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024 aka ba da umurnin buɗewa. A tsakanin nan 'yan bindiga suka kori mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari suna neman wurin kwana. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye da rufe iyaka, in ya zuba abin da ya rage cikin gida, kowane wata na jira asara ne. Ba ya iya kai takarda banki ya karɓi rance, domin ba shi da ita. Mai sayarwa kuma, da ya ga farashi ya tashi, sai ya fara neman hanyar tayar da ciniki, ko ya sayar wa wani na biyu. In Allah ya yi masa rasuwa kafin a gama, magada su taso su ce ba su san zancen ba. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta biyo ta wannan yanki. Duk inda gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, mai takarda ya fi mai shaidun baka ƙarfi wajen neman diyya.

Mahukunta sun san ciwon nan sarai. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma nemi majalisa ta sassauta sharaɗin yardar Gwamna. Ya rasu a 2010, maganar ta kwanta. Me ya sa? Domin fili shi ne goron da masu mulki ke raba wa 'yan barandansu, ba kuwa mai sakin wannan goro da son ransa. Attajiri da ɗan majalisa ba su san layi ba, waya guda ta ishe su. Ƙetaren iyaka kuwa, Nijar ta yi dokar ƙasar karkara a 1993 wadda ta kafa kwamitocin ƙasa, aka yi ta saukar da su har matakin ƙauye domin shaidar ciniki ta samu kusa da manomi. Ba mu ce nasu ya rasa aibi ba, amma ya nuna ana iya kawo alƙalami kusa da talaka in an so.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, a yanka wa'adi a rubuce, in kwana 60 suka cika ba a ba da amsa ba a ɗauka an yarda. Na biyu, sashe na 45 na dokar ya ba Gwamna ikon wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, to, a yi aiki da shi sosai, a kuma buɗe ofishin karɓar takardu a Jibiya domin a hutar da mutane zirga-zirgar Katsina. Na uku, a lissafa kowane kuɗi da ake biya, da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar ma'aikata da bakin kasuwa. Na huɗu, ƙungiyar lauyoyi ta sa rana a kowane wata ta saurari kukan jama'a a fili.

Kafin a yi wannan, ku kanku ku yi hattara, domin rashin sani ya fi dare duhu. Kada ku biya kuɗin gida duka sai an bincika a ma'aikatar ƙasa an tabbatar sunan wa ke kan takarda, kuma ba a jinginar da ita ba. In gidan gado ne, ku ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu. Ku sa mai unguwa da maƙwabta cikin shaidu. Kada ku ba lauya ko kwabo sai da rasit, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce kan ladansa da ranar gamawa. Ku nemi lambar fayil ɗinku, ku riƙe kofin kowace takarda. Ku sani ƙa'idar aikin lauyoyi ta wajabta masa ya riƙa sanar da ku halin da aikinku ke ciki, ya kuma ware kuɗinku daban da nasa. Wannan hakkinku ne, kada ku roƙe shi kamar mai bara. In ya ƙi, kuna da ikon karɓe aikinku ku kai wa wani, kuna da ikon kai ƙara ga reshen ƙungiyar lauyoyi na Katsina ko ga kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke iya dakatar da mutum ko ya soke sunansa daga aikin ɗungum. In a ofishin gwamnati fayil ya maƙale, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, ba ta karɓar kuɗi.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum guda in ya je ƙofar ofishi, masinja ma ya ishe shi. Mutum hamsin da rasit ɗinsu a hannu, tilas a buɗe musu ƙofa. Duk wanda takardarsa ta wuce wata shida a hannun lauya ko a ma'aikata, ya kawo kofin rasit da lambar fayil ofishin jam'iyya ranar kasuwa. Za mu rubuta, mu tattara, mu kai koke guda da murya guda, mu kuma buga a wannan jarida yawan kwanakin da aka yi kafin a ba mu amsa. Allah ya ba talaka sawaba.