Taikwando Da Wa'azi: A Faɗa Wa Uwar Yaro Gaskiya

'Yan uwana mata, yau maganata a kan taikwando ce, wasan shuri da naushi na mutanen Koriya ta Kudu, wanda babbar cibiyarsa Kukkiwon take birnin Seoul tun 1972. Wasa ne mai kyau, ba musu. Da shi Alfaga ɗan Nijar ya ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016.

To amma ku sani, Koriya ta Kudu tana cikin ƙasashen da suka fi tura masu wa'azin Kirista waje. Wasunsu sai sun ƙware sun ɗaura baƙar ɗamara, sannan su tafi wata ƙasa su buɗe makarantar wasan. Yara su zo koyon shuri, a tashi da addu'a da karatun Baibul.

Ni ban ce kada mutum ya yi wa addininsa hidima ba. Wanda ya fito fili ya faɗa, ina ganin girmansa. Ɓoyewar ce ban yarda da ita ba. Haba malam! In da wa'azi a ciki, faɗa wa uwar yaro tun ranar rajista, ta zaɓa da kanta. Yaron da aka koya wa rusuna wa malaminsa, ina zai iya ce masa a'a? Wallahi ko mu muka yi wa 'ya'yan Kirista haka, cin amana ne.

Ke kuma uwargida, kada kalmar "kyauta ne" ta rufe miki baki. Ɗauki mayafinki ki bi shi ki zauna har a tashi. Gani ya kori ji.