Kafin ka zuba kuɗin kakarka a injin yanka zane



Duk mai babbar waya ya ci karo da irin bidiyon nan: mutum zaune gaban wani ɗan inji yana juya fallen katako kamar tela a kan keke, kafin minti biyu sai ga fure, ko sunan amarya, ko taswirar ƙasa ta fito tsaf. Samarinmu na ta tura wa juna a WhatsApp, wasu har sun fara tambayar kuɗin injin a Maraɗi da Kano. Sha'awar ba laifi ba ce. Yaron da ke son ya koyi aikin hannu ya fi wanda ke kwana a fada yana jiran shayi. Sai dai ra'ayina shi ne, mafi yawan masu son sayen wannan inji ba da shi ya kamata su fara ba. Wanda ma ya isa saye, to ya fara duba wutarmu, da itacenmu, da kasuwarmu.

Zartunan yanka zane iri uku ne. Akwai na hannu, mai lanƙwasasshen ƙarfe kamar baka, da siririn tsinke mai haƙora a ɗaure tsakanin bakinsa biyu. Akwai na lantarki da ake riƙewa a hannu ana tura shi a kan katako, wanda kafintoci da yawa ke da shi. Sai na uku, wanda ake gani a bidiyo: shi yana zaune ne a kan tebur, tsinkensa na hawa da sauka, kai kuma kana juya katakon da hannu biyu. Shi ya fi kowanne fidda ƙaramin zane, domin kana iya huda katako, ka zura tsinken ta ramin, ka yanke tsakiya ba tare da ka taɓa gefe ba. Amma fa iyakarsa ke nan. Ba ya tsaga katakon gado, ba ya yanka na ƙofa. Katakon da ya wuce santimita 5 kauri ba ya ma shiga, kuma ya fi jin daɗin wanda bai kai santimita 2 ba. Wanda ya saye shi da niyyar buɗe shagon gadaje da kujeru ya sayi allura ne don sassabe.

Sai maganar wuta. Mu a nan mun fi kowa sanin inda wutarmu ke fitowa, tunda layin da ke kawo ta daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin a raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse ta, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Masu walda, masu niƙa, masu ƙanƙara, kowa ya ɗanɗana. Ko a lokacin lafiya ma, da zafi ya shigo sai ɗauke wuta ya yi yawa, ƙauyuka da dama kuwa layin NIGELEC bai kai gare su ba sam. Abin da ke taimakon injin tebur a nan shi ne ba ya cin wuta sosai, yawancinsu wat 100 ne ko kusa da haka, alhali na riƙewa a hannu yakan ci ninki huɗu ko biyar na wannan. Mai sola da batir mai kyau zai iya tafiyar da shi. Amma a duba rubutun da ke jikinsa: wutarmu bolt 220 ce, injin da aka yi don Amurka kuwa na bolt 120 ne. Ka jona shi kai tsaye, ka ji ƙauri, shi ke nan kuɗi sun tafi. Masu sayen na gwanjo su kula da wannan ƙwarai.

Abu na biyu, wanda 'yan kasuwa ba sa faɗa maka, shi ne tsinken. Karyewa yake yi, kuma ɗan koyo na iya karya biyu ko uku a zama ɗaya. Iri biyu ne: mai 'yar ƙusa a kowane baki, da marar ƙusa wanda ake matsewa da noti. Mai ƙusa ya fi sauƙin sawa, amma ya fi kauri, ba ya shiga ƙaramin rami. Marar ƙusa shi ne na aikin ƙawa. Wani injin iri ɗaya kawai yake karɓa, wani kuma duka biyu. Kafin ka tambayi kuɗin inji, tambayi mai shagon ko yana sayar da tsinkensa, kuma in nasa ya ƙare a ina ake samu. Mun ga yadda rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 ya sa ƙananan kaya suka yi wuya. Injin da tsinkensa sai an aika Kano ko Legas zai fi daɗewa a lulluɓe cikin buhu fiye da a kan aiki. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin tsinken da wuyan injin na baya, don ita ce ke nuna girman fallen da za ka iya juyawa. Santimita 40 ta ishi mai farawa. A sa a kunna shi a gabanka kuma: in yana rawa yana tafiya a kan tebur, bar musu kayansu. Araha ba ta ado.

Abu na uku shi ne itace, kuma nan ne maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe zarto ba. Itatuwan da ke gonakinmu yau ba haka nan suka tsiro ba. Manyanmu sun san yadda ƙasar nan ta koma fili fetal bayan farin shekarun 1970 da na 1984. A jihar Maraɗi ne aka fara sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya gyara shi har ya zama itace, kuma garuruwa irin su Ɗan Saga a Agye sun yi suna da shi har ƙasashen waje. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawon da ke ba gero taki, da aduwa, da kalgo, da ƙirya, gumin mutane ne. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, ma'aikatanta ma suna nan. To kada sha'awar aikin katako ta zama sabon dalilin shiga gonar wani da gatari da dare.

Alhali babu ma buƙatar hakan. Kyawun wannan aiki shi ne guntaye yake ci. Ragowar filawud da ke zube a shagon kafinta, katakon akwatin kaya, ƙafar tsohon bencin makaranta da ya karye, reshen dogon yaro da aka sassabe aka bari ya bushe a inuwa, duk sun isa a yi haruffan koyar da yara, da marikin Alƙur'ani, da firam ɗin madubi, da adon kan gadon amarya, da lambar ƙofar shago. Ɗanyen itace dai tsagewa yake yi in ya bushe, wannan kowane masassaƙi zai gaya maka. Su ne ma malaman da ya kamata a fara zuwa wurinsu. Mutumin da ya shekara talatin yana fafe turmi da akushi, yana fere ƙota da allo, ya san wane itace ne gara ke ci, wane ne ke lanƙwashewa, wane ne ke ɗaukar mai ya yi sheƙi. Babu bidiyon da zai koya maka halin aduwa kamar shi.

Wani zai ce, malam, kana kashe wa yara gwiwa, duniya ta ci gaba kai kana maganar zarton hannu. A'a. Cewa nake a bi tsani daga ƙasa. Zarton hannu da tsinke dozin ɗaya, da takardar goge katako, da 'yar na'urar huda rami, ba su kai kuɗin buhun gero ba, kuma duk zanen da injin tebur ke fitarwa su ma suna fitarwa, sai dai a hankali. Ka yi wata uku da su. In hannunka ya faɗa, in ka kai kaya kasuwa an saya har an ce ƙaro, to ka san akwai ciniki. Lokacin nan sai ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi adashi ku sayi inji guda mai kyau, ku ajiye shi inda wuta take. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke kananan hukumominmu ma wuri ne da ya dace a ajiye irin wannan inji yara su riƙa koyo, maza da mata, don aikin zama ne, ba ya son ƙarfi sai natsuwa. A dai rufe hanci, ƙurar katako ba ta da kyau ga ƙirji, musamman ta wanda aka haɗa da gam.

Daga ƙarshe, maganar nuna aiki. Yana da kyau mutum ya ɗauki hoton abin da ya yi ya sa a Facebook, haka ake samun masu saye. Amma akwai wata ɗabi'a da ta fara yawa: a ɗauko hoton aikin wani daga Turkiyya ko Indiya a ce nawa ne, a karɓi kuɗin kafin alƙalami, ranar kai kaya a yi ta rigima har gaban mai gari. Mutum ɗaya ya yi haka, ya ɓata wa goma. Nuna naka ko da layin ya ɗan karkace. Faɗi irin katakon, da kaurinsa, da kwanakin da ya ɗauke ka, da sunan ubangidan da ya koya maka in ya yarda. Ɗan Gangara ko ɗan Caduwa da ya ga haka zai san abin mai yiwuwa ne da kayan da ke gabansa.

Kuɗin gyaɗa da na wake sau ɗaya suke zuwa a shekara, na ɗan ci-rani kuwa Allah kaɗai ya san wahalar da aka sha kafin a tara su. Iyaye da yayye, in yaro ya zo da maganar inji kada a kore shi, kada kuma a miƙa masa kuɗin nan take. A saya masa zarton hannu, a kai shi wurin kafinta ko masassaƙin unguwa, a ce ya dawo da abin da ya yi bayan wata uku.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Wassalam.