Wanda ya hana Hajiya shiga na'urar MRI bai yi wulaƙanci ba



A makon jiya wani ɗan'uwa ya kawo kukansa nan. Ya ɗauko mahaifiyarsa tun asuba daga garinsu, suka sha tafiya, suka biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Da layi ya zo kansu, ma'aikacin ɗakin hoto ya tambaya ko an taɓa yi wa Hajiya aiki a ka. Suka ce an yi mata a Indiya shekaru da dama, har an sa mata wani ɗan ƙarfe a jijiya. Ya ce ina takardar ƙarfen? Suka ce ta ɓata. Ya ce to ba za ta shiga ba.

Na karanta sharhin da ya biyo baya. Wasu sun ce girman kai ne irin na ma'aikatan asibiti, wasu sun ce na goro yake nema. Duk wannan bai dame ni ba, ɓacin rai ne, kuma kowa ya san zafin ɗawainiya da mara lafiya. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ya rubuta cewa in an koma wani wurin kada a faɗa, a ce ba a taɓa yi mata aiki ba. Kuma mutane suka yi ta danna masa alamar yabo. Malam, ba da gangan ba na sani, amma shawarar kisa ka bayar.

Bari mu fara da ɗan ƙarfen. Akwai lalurar da jijiyar jini a cikin ka take yin rauni a wuri guda, ta kumbura kamar tiyub ɗin keke in ya yi ƙululu. Ranar da ƙululun ya fashe, jini ya malala a ƙwaƙwalwa, da yawa ko asibiti ba sa kaiwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance shi shi ne a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan ƙululun da wani ɗan kilif, mai kama da abin maƙale shanya amma ƙarami ƙwarai. Likita Walter Dandy ne ya fara yin wannan aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1937. Kilif ɗin ba cire shi ake yi ba. Yana nan riƙe da jijiyar har ƙarshen rayuwar mai shi.

Ita kuma MRI ba kyamara ba ce. Ƙaton maganaɗisu ne da ake tura mutum cikinsa. Na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar gano alƙibla, kusan sau 30,000. Akwai masu Tesla 3. Kuma irin waɗannan ba a kashe su da dare, ba sa mutuwa don an ɗauke wuta; ko ba kowa a ɗakin maganaɗisun yana nan a kunne. A 2001 a jihar New York, irin wannan na'ura ta fizgo tukunyar iskar oksijin ta kashe yaro ɗan shekara 6 da ke kwance a ciki. Abin da ya fizgi tukunyar ƙarfe, ka tambayi kanka me zai yi wa ɗan kilif da ke zaune a kan jijiya mai laushi. Ba sai ya fizgo shi waje ba. Ya isa ya murɗa shi kaɗan, kamar yadda allura ke juyawa ta fuskanci maganaɗisu.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1993 mujallar likitoci ta Radiology ta buga labarin wata tsohuwa 'yar shekara 74 a Amurka. Ma'aikatan sun san tana da kilif, kuma ba su yi sakaci da tambaya ba. Sun tambaya, aka ba su amsa cewa irin wanda maganaɗisu ba ya ja ne. Ana matsowa da ita kusa da bakin na'urar, tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba, ta fara kukan ciwon kai. Kilif ɗin ya motsa, jijiyar ta yage, ta rasu. Da aka duba, ashe wani iri ne daban da wanda aka faɗa. A lura da kyau: a nan ba wanda ya ɓoye komai. Gaskiya kowa ya faɗa iya saninsa, sanin ne ya zo da kuskure. To ina ga wanda aka koya wa yin ƙarya?

Na san abin da za a ce. Ai yanzu zamani ya canza, kilif na yanzu ba ruwansa da maganaɗisu. Akwai gaskiya a ciki. Tsofaffin kilif da yawa da wani irin ƙarfe mara tsatsa aka yi su wanda maganaɗisu ke ja. Daga baya aka koma haɗin kobal, sannan a shekarun 1990 aka shigo da na titaniyam, kuma masu ɗauke da waɗannan suna shiga MRI lafiya lau a faɗin duniya. Mai yiwuwa ma na Hajiya irin su ne. Amma "mai yiwuwa" ba amsa ba ce a bakin wannan ƙofa. Shekarar da aka yi aiki ba ta faɗin abin da likita ya ɗauko daga kabad ranar. Hoton eksire zai nuna kilif ɗin, ya nuna siffarsa, amma ba zai tabbatar da irin ƙarfensa ba. Kuma ba za ka fito da shi ka gwada da maganaɗisu ka mayar ba. Abu ɗaya ne ke raba gardama: rubutaccen bayani daga asibitin da aka yi aikin, mai sunan kamfani da samfurin kilif ɗin da lambarsa. Da shi ma'aikaci zai duba sharaɗin kamfanin, domin ko na zamanin ma yawanci da sharaɗi aka yarda da su. Wani an gwada shi har Tesla 3, wani iyakarsa 1.5. In an yi wa mutum aiki sau biyu, ko aka sa kilif fiye da ɗaya, kowanne sai an san shi.

Shi ya sa na ce ma'aikacin nan ya yi daidai. Ya fi masa sauƙi ya karɓe ku, kuɗin ya shiga, ku rabu kuna sa masa albarka. Ya zaɓi ku tafi kuna zaginsa da Hajiya a raye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma kada cibiyoyin hoto su ɗauka na wanke su tas. Akwai masu miƙa wa tsohuwar da ba ta karanta boko fom na Turanci, ɗanta ya bi layi yana danna "a'a" a tsaye, a karɓa ba a ɗaga kai ba. Wannan ba tantancewa ba ce. A tambayi mutum da Hausa, a zaune, a duba kansa ko akwai tabon tiyata a ƙarƙashin ɗankwali. Shi ma ɗan rakiya a tambaye shi, don maganaɗisu bai san wane ne mara lafiya ba. Akwai kuma masu jin kalmar kilif su rufe ƙofa ko da takarda a hannu, su hana mutum hoton da yake buƙata saboda ƙyuyar bincike. Su ma sun cuci mara lafiya. Sannan tambayar nan kamata ya yi a yi ta kafin a karɓi kuɗi, kai, kafin ma mutum ya baro garinsu. A nan ɗan'uwanmu yana da gaskiya, kuma ya cancanci a mayar masa da kuɗinsa.

Babban laifin dai namu ne. Mutanenmu suna zuwa Indiya da Masar da Saudiyya a buɗe musu kai, wasu a nan gida Sakkwato ko Zariya ko Kano ko Yamai. A dawo da tsaraba da hotunan filin jirgi, takardar sallama kuwa a jefa ta cikin leda, shekara biyu gara ta cinye. Mun iya adana takardar fili a ƙasan akwati shekara arba'in. Takardar abin da ke cikin kan uwarmu ce ba ta da daraja? Duk wanda aka yi wa nasa wannan aiki, kafin ya bar asibiti ya nemi a rubuta masa sunan kilif ɗin, ya ɗauki hoton takardar a waya, ya tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Likitan da ya yi aikin ma hakki ne a kansa ya bayar ba sai an roƙa ba.

Ɗan'uwa, ga abin yi. Ka rubuta wa asibitin Indiyan, ka ba su sunan Hajiya da shekarar aikin, ka nemi rahoton tiyata. Ka kuma koma wurin likitan da ya tura ku ka faɗa masa abin da ya faru. Hoton CT ba ya amfani da maganaɗisu, kilif ba ya motsi a cikinsa, kuma akwai irinsa da ake yi da allurar ruwa don ganin jijiyoyin jini. Ko a MRI ɗin ma, kilif yakan ɓata hoton wurin da ke kewaye da shi, don haka likitan ne zai auna wanne ya fi amsa tambayarsa. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Sharhin nan da ya ce a ɓoye har yanzu yana nan a ƙarƙashin rubutun, ana ta karantawa. Ina roƙon masu kula da zaure su sauke shi yau.