SHARHI: Kasuwar Lambobin Yaƙin Jamus, Inda Jabu Ya Rinjayi Na Gaskiya

A duk lokacin da darajar kuɗi ta riƙa zaizayewa, masu hannu da shuni kan nemi wani abin da za su ɓoye dukiyarsu a cikinsa. Wasu su sayi zinariya, wasu filaye, wasu kuma a ƙasashen Turai da Amurka su karkata ga kayan tarihi. Daga cikin kayan tarihin da dillalai ke tallatawa da sunan jari akwai lambobin yabo da bajoji na sojojin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945. Ra'ayinmu shi ne, wannan kasuwa ba wurin ajiye dukiya ba ce, kuma ɗan kasuwar da aka yi wa tayin shigarta yana da dalilai masu ƙarfi na ja da baya.

Mafi shahara a cikin waɗannan lambobi ita ce Gicciyen Ƙarfe. Sarkin Furushiya, Friedrich Wilhelm na Uku, shi ya ƙirƙiro ta a 1813 lokacin yaƙi da Napoleon, aka sake farfaɗo da ita a 1870 da 1914, sannan Hitler ya dawo da ita a ranar 1 ga Satumba, 1939, ya sa aka buga mata alamar suwastika a tsakiya. Mai daraja ta biyu an raba ta ga miliyoyin sojoji, saboda haka farashinta bai taka kara ya karya ba. Babbar da ake ratayawa a wuya kuwa, wato Gicciyen Barde, mutum 7,300 da 'yan kai kaɗai suka samu, shi ya sa ake sayar da ita kan dubban daloli. A wannan gagarumin bambancin farashi ne masu jabu ke samun abincinsu.

Masu tantancewa suna da hanyoyinsu. Gicciyen Ƙarfe na ainihi sassa uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam biyu na farin ƙarfe da aka haɗa gaba da baya aka liƙe. Don haka akan fara da kara masa maganaɗisu, a auna nauyinsa, a duba wurin liƙin da madubin ƙara girma. Akan kuma bambance abin da aka buga da injin matsa ƙarfe da wanda aka yi zubinsa a narke, domin zubi kan bar ƙananan ramuka, gefunansa kuma ba su da kaifi. Sai alamar maƙera. Fadar shugaban ƙasar Jamus ta wancan zamani ta ba kowace masana'anta lambarta, haka ita ma ƙungiyar masu ƙera lambobin yabo da ake kira LDO ta riƙa ba da lamba mai farawa da harafin L. Kamfanoni irin su C.E. Juncker na Berlin da Steinhauer & Lück na Lüdenscheid da Deschler na Munich duk an san salon aikinsu. Har ƙarfen da aka yi amfani da shi yana ba da labari, domin a farkon yaƙin an yi bajoji da tagulla mai kyau, da ƙarafa suka yi ƙaranci sai aka koma ga tutiya, wadda ke dusashewa tana ruɓewa da tsufa. Ƙyallen ratayewa kuwa akan haska shi da fitila irin wadda bankuna ke gano jabun takardun kuɗi da ita, saboda yadin zamani kan yi walƙiya a ƙarƙashinta.

Sai dai duk littafin da aka wallafa don koya wa mai saye gane jabu, mai yin jabun ma ya karanta shi. Idan aka ce a duba maganaɗisu, sai ya sa baƙin ƙarfe. Idan aka ce a duba lambar maƙera, sai ya buga ta. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan wuyar sha'ani. Bayan an gama yaƙi, wasu masana'antun sun ci gaba da buga lambobin da ainihin injunansu na da, suna sayar wa sojojin ƙawance masu neman tsaraba da kuma masu tarawa. A 1957 kuma Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta halatta wa tsoffin sojoji sanya lambobinsu muddin an cire suwastika, aka buga sababbi masu ganyen itacen ok a madadinta. Abin da ya fito daga inji ɗaya da hannun maƙeri ɗaya, yaya za a tabbatar ko a 1944 aka buga shi ko a 1950? A nan ilimin ƙwararru kan koma hasashe, su kansu su riƙa musu da juna.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin irin wannan kasuwa. A 1970 George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayaninta da misalin cinikin tsoffin motoci. Idan mai sayarwa ya san ingancin hajarsa amma mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya cikakken farashin mai kyau ba, don gudun kada a sayar masa da mai aibi. Mai kaya na gari sai ya janye hajarsa, marasa kyau su cika kasuwa. Abin da ke riƙe da farashin lambobin yaƙi shi ne amincewa da maganar wasu 'yan tsirarun dillalai da gidajen gwanjo, kuma sau da yawa wanda ke ba da takardar shaidar inganci shi ne mai sayarwar. Takardar ma ana yin jabunta.

Wanda ke ganin kuɗi da ƙwararru za su kare shi, sai ya tuna abin da ya faru a 1983. Mujallar Stern ta Jamus ta biya mak miliyan 9.3 don sayen kundaye kimanin 60 da aka ce Hitler ne ya rubuta su da hannunsa. Cikin makonni biyu da sanarwar, binciken hukumar adana kayan tarihi ta Jamus ya nuna cewa takardar tana ɗauke da sinadarin da bai shiga kasuwa ba sai bayan yaƙi. Wanda ya rubuta su, Konrad Kujau, dillalin kayan sojan 'yan Nazi ne a Stuttgart, kuma ya shafe shekaru yana sayar wa masu tarawa jabu kafin asirinsa ya tonu. An ɗaure shi a 1985. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa kuɗin mutane sun riga sun salwanta.

Bugu da ƙari, jari nagari shi ne wanda za a iya mayar da shi kuɗi a duk lokacin da buƙata ta taso. Wannan haja kuwa ƙofofin sayar da ita ƙara rufewa suke yi. Sashe na 86a na kundin hukunta laifuka na Jamus ya hana nuna alamun 'yan Nazi a bainar jama'a, sai don ilimi ko bincike da makamantansu. Ostiriya da Faransa suna da nasu dokokin. A shekara ta 2000 wata kotun Faransa ta yanke hukunci a kan kamfanin Yahoo saboda gwanjon irin waɗannan kaya, a 2001 kuma Yahoo da eBay suka taƙaita sayar da su. Ostareliya ta haramta cinikin kayan da ke ɗauke da alamun 'yan Nazi daga watan Janairun 2024. Lambar yabo ba ta haihuwa, ba ta kawo kuɗin haya ko ribar hannun jari, ga la'adar gidan gwanjo da kan kai kashi ɗaya cikin biyar na farashi ko fiye.

Masu wannan sha'awa suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Da yawansu ba magoya bayan Hitler ba ne, masu son tarihi ne, kuma binciken da suka yi a kan masana'antu da ƙarafa ya amfani gidajen tarihi. Mun yarda da haka. Amma akwai bambanci tsakanin adana shaida da neman riba da ita. Gwamnatin da ta raba waɗannan lambobi ita ce ta hallaka Yahudawa miliyan shida, kuma sojojinta ne suka karkashe fursunonin yaƙi 'yan Afirka ta Yamma na rundunar Faransa a Chasselay cikin watan Yunin 1940, saboda launin fatarsu. Ɗan Afirka da zai zuba dukiyarsa a nan ya kamata ya san abin da yake saya. A 2019 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya sayi hular Hitler da wasu kayayyaki a wani gwanjo a Munich kan kusan Yuro 600,000, ya miƙa su kyauta ga wata ƙungiyar Yahudawa don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka aƙidar. Ya nuna inda irin waɗannan kaya suka dace su zauna.

Idan kuwa sha'awar tarihin yaƙin ce ke jan mutum, ba sai ya je Munich ba. Dubban 'yan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiyawa a Gabashin Afirka, suka kuma fafata da Japanawa a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Lambobin mazan jiya da takardun sallamarsu suna nan a akwatunan iyalai da dama, kuma asalinsu a bayyane yake, tun da 'ya'ya da jikoki sun san mai su. Muna kira ga attajiranmu da su taimaka wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'i wajen tattara su da rubuta labarin masu su, kafin dillalai su kwashe su a kan kuɗi ƙalilan su kai kasuwannin ƙetare.