Windows 10 ta daina samun kariya: ina makomar tsofaffin kwamfutocinmu?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Labarin ya wuce ba hayaniya a nan Nijar, alhali kuwa ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Maraɗi, ko sibar kafe a Damagaram, ya san yawancin kwamfutocin da ake aiki da su na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Wasu ma har yau Windows 7 ce a kansu, wadda aka yanke wa gyara tun Janairun 2020.

Wani zai ce: to mene ne, tunda ordinatar tawa tana kunnuwa lafiya lau? Nan ne fa matsalar take. Na'urar za ta ci gaba da aiki kamar da, ba abin da za ka gani da ido. Amma kullum ana gano sabbin kafofi a cikin manhaja, kuma miz-a-jur ɗin nan da mutane ke kashewa don kada ya cinye musu kuɗin intanet, shi ne ke toshe su. In ya tsaya, duk kafar da aka gano daga baya tana nan buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ga misali a watan Mayun 2017, lokacin da birus ɗin WannaCry ya bazu a ƙasashe kusan 150. Yana kulle takardun da ke cikin kwamfuta, ya ce sai an biya kuɗi. A Ingila har asibitoci suka ɗage ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba.

A wajenmu, birus ya fi bi ta kle USB. Ɗalibi ya kai memuwarsa a buga masa, ya dawo ya tarar takardunsa sun ɓace, sai gajerun alamomi kawai. In ya danna ɗaya, tasa kwamfutar ma ta kamu. Sai kuma manhajojin sata da masu gyara ke zuba wa mutane. Haka abin yake ga tablet da tsofaffin wayoyin Android da ake ba yara: ana tura musu wasanni ta Xender, ana saka WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp, a kan na'urar da wataƙila asusun kuɗin maigida yake ciki.

Komawa Windows 11 ba kowa zai iya ba, don tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Kuma a halin tsadar rayuwar nan, ba wanda za a ce wa ya jefar da abin neman abincinsa.

Duk da haka akwai abin yi. Kwamfutar da aikinta buga takardu ne kawai, a cire ta daga intanet. Wadda ke buƙatar intanet, a tambayi mai gyara ya saka mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne kuma suna samun gyaran tsaro. A ajiye kwafin muhimman takardu a wani kle daban da ba ya yawo shago-shago. A tablet da waya, a tsaya ga Play Store, a raba na'urar wasan yara da ta kuɗi.

Babban nauyin yana kan ma'aikatu, makarantu da asibitoci masu riƙe da bayanan jama'a. Ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya tambaya tun yau: wace Windows ce a kan kwamfutocinmu, kuma ina kwafin rajistarmu yake in aka wayi gari an kulle ta?